Keken da Dabo Ya Rataye a Alƙibla

Duk wanda ya zauna Zangon Wagadugu kafin a rushe shi ya san Dabo, ko ya so ko bai so ba. Ni kuwa na fi kowa saninsa, domin bango ɗaya ne ya raba ɗakin matata da falonsa, bangon laka kuma, wanda in ya yi atishawa ni ke yi masa addu'a daga wannan ɓangaren. Sunana Hamadu, goro nake sayarwa, kuma Allah Ya jarrabe ni da maƙwabci.

Dabo dillali ne a babbar kasuwa, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi tsohon ɗan tseren keke ne. A faɗarsa, lokacin da aka fara Tur di Faso, tseren nan da ake zagaye ƙasa da keke duk shekara, shi ya sa Turawa kuka a hanyar Kudugu. Ya taɓa gaya mana cewa ya iso Wagadugu ya yi wanka, ya ci tuwo, ya ɗan runtsa, sannan na biyu ya shigo gari. Abin mamaki, a garin da tsohuwa ke tuƙa keke da tulu a ka da jika a baya, babu mahaluƙin da ya taɓa ganin Dabo a kan sirdi. Kullum yana bayan mobileti, ɗan babur ɗin matarsa Ladidi, ya rungume jaka, yana ɗaga wa jama'a hannu kamar gwamna. In an yi masa magana sai ya ce, "Shampiyo ba ya hawan ƙarfen talakawa. Ƙafata ta saba da belo, keken tsere na gaske, in na taka wanga naku narkewa zai yi."

Ƙaryarsa ba ta hana kowa barci, don haka muka bar shi da abarsa. Sai da maganar auren 'yarsa ta taso muka gane mun yi sake.

Adawiyya ita kaɗai ce Allah Ya ba su, yarinya mai hankali wadda ba ta ɗauko komai na ubanta ba sai tsawo. Tana aiki a wani shagon buga waya, a can suka haɗu da Suhaibu, wani Bakano mai sayar da shadda. Ya riƙa zuwa buga waya Kano, har ta kai yana zuwa ba shi da wanda zai kira. Suka so juna, unguwa ta sani, unguwa ta yarda. Saura mutum ɗaya: wan mahaifin Suhaibu, Alhaji Baha'uddeen, wanda zai taso daga Kano ya nema masa auren. An ce dattijon nan yana iya jure talauci, yana iya jure ƙazanta, amma ba ya zama inuwa ɗaya da maƙaryaci. Ya taɓa fasa neman aure a Yamai saboda uban yarinya ya ƙara wa kansa hajji ɗaya.

Suhaibu ya zo ya durƙusa gaban Dabo, a kan idona.

"Baba, alfarma nake roƙo. Ranar da Alhaji zai zo, don Allah a ɗan jingine labarin keke."

"Kwantar da hankalinka, ɗana," in ji Dabo. "Ba zan ce uffan ba. Gidan ne zai yi magana."

Da na ji haka na san akwai magana, kuma da gaskiyata. Ashe a makon nan Dabo ya kai wa wani Nasara kaya a unguwar Kuluba, ya leƙa falon mutumin ya ga rigar ƙwallo cikin gilashi, da hoton ɗan tsere a bango. Ya dawo gida yana haki, ya tsaya tsakar gida ya kira Ladidi.

"Ladidi, falon nan namu falon jahilai ne! Kwanon samira, kalandar bara, tabarma. Mi mutanen Kano za su gani? Zan yi dekorasiyo, adon ɗaki irin na wasanni. Nasara hoto ɗaya gare shi, ni bango guda zan cika."

"Malam, a shafa farar ƙasa a share gida, ya isa," in ji Ladidi. "Aure suka zo nema, ba tikitin shiga sitad kallon ƙwallo ba."

"Ke mi kika sani game da zamani?"

"Na san ni ke kai zamanin kasuwa kullum a bayan mobileti."

Kafin ta rufe baki ya riga ya fita neman mai zane. Wanda ya samo kuwa Kalla ne, mai zana allunan shagunan aski. Duk allon wanzamin da ka gani daga Zango har unguwar Tiendpalogo aikin Kalla ne, kuma a gaskiya babu wanda ya kai shi zana ƙeya. Matsalar ita ce ƙeyar kaɗai ya iya. Shekara da shekaru yana nuna wa masu aski yadda kansu zai kasance ta baya, bai taɓa haɗa ido biyu da hanci a fuska ɗaya ba. Dabo ya nuna masa bangon da ya fi faɗi a falon, wato bangon gabas, wanda ya raba mu, ya ce a cika shi da 'yan tsere, shi kuma a sa shi a gaba da riga ruwan ɗorawa.

Da aka gama aka kira mu kallo. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ƙattin maza ne jere daga wannan kusurwa zuwa waccan, duk sun ba mu baya, sun duƙa a kan kekuna, kowanne da askinsa mai kyau kamar zai je ɗaurin aure, kowanne kuma ya turo mazaunai cikin ɗan wando matsattse. A gabansu ga Dabo, ya waiwayo da ido ɗaya, kuma da yake shi ne mai gida, Kalla ya girmama shi ya ba shi rabo mafi tsoka.

"Kalla," na ce, "ina fuskokinsu?"

"Suna gaba, Malam Hamadu. Tafiya suke."

Na zaci Dabo zai yi fushi. Ina! Ya ja da baya, ya riƙe ƙugu, ya kaɗa kai.

"Wala, yauwa! Wanga yaro ya san aiki. Haka abokan karawata suka san ni. Babu wanda ya taɓa ganin fuskata a tsere, baya kawai suke gani."

Ladidi ta leƙo, ta duba bangon daga farko har ƙarshe, ta ce, "Inna lillahi," ta koma kicin. Adawiyya kuwa ta tsaya bakin ƙofa idonta ya ciko.

"Baba, sil te ple, don Allah ka sa a shafe. Wallahi kunya za ta kashe ni."

"Ɗiyata, in Alhaji ya ga wanga bango, da kansa zai ce a ƙara sadaki."

Daga nan abu ya ci gaba kamar gobara. Ya cire labulen ƙofa ya rataya ragar gola a madadinsa. Ya tattara duk abin da ke da hannu ko baki a gidan, da tukunyar shayi, da kofunan silba, da butar alwala, ya sa Kalla ya shafe su da fenti ruwan zinariya, ya jera su a kan kanta a matsayin kofunan da ya ci. Sannan ya je kasuwar 'yan gwanjo ya turo wani keken tsere, siriri, mai kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Turo shi ya yi da hannu tun daga can, wai ba ya son taya ta gaji. Ya dube shi ya ce wayoyin birki sun ɓata masa fasali, ya sa almakashi ya datse su. Ya ɗaura masa ƙararrawa don ƙawa. Ya ce a bango za a rataye shi, a tsakiyar zanen.

Ina zaune a gida sai na ji dum, dum, ƙasa tana zubo mini cikin koko. Kafin in tashi, rodi biyu da Dabo ke kafawa don rataye keken sun ɓullo ta bangon ɗakin matata Ramatu, kowanne ya kai tsawon hannu, daidai inda take wucewa zuwa gado. Na zagaya da gudu.

"Dabo, ƙarfenka ya shigo mini gida!"

"To ka gode Allah. Ka samu wurin rataya riga kyauta."

"Bangon nan na kakanninmu ne, laka ce!"

"Shi ya sa nake ɗaga darajarsa. Kai dai goro ka sani, Hamadu. Ka bar wa masu ido harkar ado."

Na haƙura don Adawiyya. Ramatu ba ta haƙura ba. Rodin ya yage mata zane, ya ƙwale mata ɗankwali, ya bar mata ƙulu a goshi. Ta ce in ya sake taɓa ta, za ta mayar wa mai shi kayansa ta hanyar da ya zo. Na ce ta yi haƙuri har baƙi su tafi. Ta ce ta ji, da irin muryar da mata ke cewa sun ji.

Ranar ta zo. Ladidi ta dafa shinkafa da kaji, ta dama zom-kom, ruwan geron da ake tarar baƙo da shi a garin nan, cike da babban baho a ƙofar gida. Mu dattawan layi muka dawo daga la'asar muka zauna jira. Labarin bangon ya riga ya zaga unguwa, saboda haka mutanen da ba a gayyata ba sun fi waɗanda aka gayyata yawa, kowa ya sami dalilin tsayawa a layinmu. Dabo ya sha babbar riga, ya sa Kalla ya ƙara wa kofunan fenti da safe don su yi ƙyalli.

Baƙi suka iso a makare, mota ta ɓata musu lokaci a hanya. Alhaji Baha'uddeen ɗan siririn tsoho ne, fari tas da shi daga hula har takalmi, ba ya gaggawar magana. Da shi da ƙannensa biyu, Suhaibu na biye da su ɗauke da ƙwaryar goro, yana zufa tun ba a fara komai ba.

Alhaji ya yi sallama ya sa kai ƙofar falo, sai ragar gola ta karɓe shi. Hula ta maƙale, hannun riga ya maƙale, carbi ya shiga rami ya fito ta wani. Ya yi baya, raga ta bi shi. Mu uku muka taru muna kwance dattijo kamar kifi.

"Gol!" wani mara kunya ya faɗa daga waje.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Alhaji.

"Labulen zamani ne, Alhaji," in ji Dabo. "Iska na shiga."

"Sauro ma haka," in ji Alhaji, ya gyara hularsa.

Ya ƙi zama. Ya ce ba su yi la'asar ba, kuma ba ya buɗe baki a kan maganar aure da salla a wuyansa. Ƙafarsa na ciwo, don haka a nan falo za su yi, a ba shi buta. Dabo ya waiga hagu, ya waiga dama. Babu buta a gidan sai wadda ke kan kanta. Ya ɗauko ta da hannu biyu, a cikin tsumma, ya miƙa kamar mai ba da kyauta a filin wasa.

Alhaji ya kama ta, ya fita tsakar gida ya tsuguna. Da ya zo ajiyewa buta ta ƙi sakinsa. Ya fizge hannu, sai ga tafinsa da yatsu biyar sun koma zinariya. Ya shafa gemu don mamaki, gemu ma ya samu rabonsa.

"Malam Dabo, fentin mai ne wannan?"

"Na Faransa ne, Alhaji. Ruwa ba ya ratsa shi."

"To in ruwa ba ya ratsa shi, alwalar ta ina za ta shiga?"

Ladidi ce ta aiko da kananzir da sabulu. Aka zauna ana dirzar hannun baƙon da ya taso tun daga Kano, har fata ta yi ja, rana kuma tana ta sunkuyawa. Ina jin shesshekar Adawiyya daga ɗakin uwarta.

Da ƙyar aka samu alwala. Aka shimfiɗa dardumai, Alhaji ya shigo yana warin kananzir, ya tambayi alƙibla. Ni ne na ɗaga yatsa, a hankali, na nuna bangon gabas.

Sai a lokacin ya ɗaga kai ya kalli abin da kyau. Ya fara daga kusurwar hagu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya iso kan Dabo mai ido ɗaya. Ƙannensa suka sunkuyar da kai. Suhaibu ya jingina da bango kamar wanda zazzaɓi ya kama.

"Nan za mu fuskanta?" in ji Alhaji.

"Nan ne, Alhaji," na ce.

"Mu yi ruku'u, mu yi sujada, waɗannan bayin Allah suna gabanmu a haka?"

"Ai su ma gabas suka fuskanta," in ji Dabo.

Wallahi da na sami rami a lokacin da na shige. Ba Dabo ne ya gina gidan nan ba, amma a cikinsa aka haife shi, a falon nan ubansa ya yi salla har ya bar duniya, kuma duk tsawon aikin nan bai tuna ina ne gabas ba.

Alhaji ya ce a rufe. Dabo ya ruga ciki ya fizgo zanen Ladidi daga igiya ya baza a kan keken. Zanen bikin ranar mata ne, na takwas ga Maris, cike da kawunan mata suna murmushi. Alhaji ya dube shi ya ce an rage maza an ƙaro mata. A ƙarshe ya sa Suhaibu ya buɗe kayan da suka zo da su, ya ciro farar shadda sabuwa, wadda aka kawo wa uban amarya. Aka rataya ta a jikin keken, aka ja gefe da gefe aka soke da ƙusa, ta rufe 'yan tsere. Aka tayar da salla. Mu da muka riga muka yi muka koma gefe muka yi tsit.

Raka'a uku suka wuce lafiya. Ana cikin ta huɗu na ji wata ƙara daga ɗakin matata, irin ta wanda ƙarfe ya sake samu a goshi. Na san muryar, na kuma san abin da ke biye. Na ji an jawo taɓarya.

Dum! Keke ya girgiza, ƙararrawa ta ce ƙirrin. Dum! Rodi ɗaya ya dawo gida. Dum! Na biyu ya biyo shi da guntun bango. Keke ya sauko da shadda da komai, ya dira a kan tayoyinsa, ya gangara a hankali ta gefen liman yana kaɗa ƙararrawa, ya je ya tunkuyi kanta. Kofunan zinariya suka zubo suna birgima tsakanin dardumai. Ta ramin da ya buɗe a bango, daidai cinyar Dabon zane, sai ga idon Ramatu.

"Ga ƙarfenku nan!" ta ce. Da ta ga sahu sai ido ya ɓace.

Na yaba wa Alhaji Baha'uddeen. Bai motsa ba, bai ɗaga ido ba, ya yi tahiya ya sallame. Ya yi addu'a mai tsawo, ina jin haƙuri yake roƙo. Sannan ya juyo ya nuna mai riga ruwan ɗorawa da yatsansa mai sauran zinariya.

"Wannan na gaba, wane ne?"

Suhaibu ya kafe Dabo da ido yana girgiza kai. Ladidi ta yi tari mai ƙarfi daga tsakar gida. Ni ma na taka masa ƙafa. Duk a banza. An tambayi Dabo labarin keke a gaban jama'a, wa zai tare shi?

"Ni ne, Alhaji! Shampiyo na Tur di Faso. Ka tambayi hanyar Kudugu. Kofunan ga duka ni na ci su."

"Har da butar?"

"Ita ce ta farko."

"Masha Allah," in ji Alhaji. "To ga shi magariba ta kusa, kuma ina so limamin unguwarku ya halarci maganar da za mu yi. Ga keke ya sauko da kansa. Ka hau ka kira mana shi, tunda duk garin nan babu wanda ya kai ka sauri."

Dabo ya fara kawo dalilai. Ya ce taya ba iska. Kalla ya matsa ya ce ƙam take. Ya ce babbar riga za ta shiga sarƙa. Wani ya taya shi cirewa. Ya ce gwiwarsa ta tsere ta tashi. Alhaji ya ce tafiyar ba nisa. Kafin ya ƙirƙiro ta huɗu, jama'a sun fitar da keke waje, layi ya dare biyu, mata sun fito kan dakali, ana tafi ana kiran "Shampiyo! Shampiyo!" Shekaru muna jin labari, yau za a ga aiki.

Aka ɗora shi a kan sirdi. Kalla, don kirki, ya durƙusa ya ɗaure masa ƙafafu da maɗaurin feda, ya ce haka ya ga 'yan tsere suna yi a talabijin. Dabo ya ce a riƙe shi tukuna ya gwada iska. Aka ce wa zai tura? Na tuna kokona, na tuna zanen Ramatu, na ce ni ne maƙwabci, ni ya kamata. Ban yi masa rowar ƙarfi ba.

Layinmu gangare ne har bakin babbar kwata. Dabo ya tafi. Kan keke ya yi dama, Dabo ya yi hagu. Ya ɗebi bahon zom-kom da gwiwa, ruwan gero ya wanke masu kallo. Ya ratsa tsakiyar tumakin wani Bamoshe, mai su na binsa da zagi cikin Moshanci. Muna ganinsa yana matsa birki da hannu biyu, birkin da ya datse da almakashinsa, ƙararrawa kaɗai ke amsa masa. Ya yi ƙoƙarin sauke ƙafa, ƙafa na ɗaure.

"Ladidi!" ya ƙwalla. "Ladidi, tare ni!"

A gaskiya ya yi sauri. Wannan kam ba zan hana shi ba. Ya isa bakin kwata kafin kowa, ya tashi sama kaɗan, ya sauka ciki da keke a kansa, taya tana ta juyi.

Duk Zango ta gangara. Muka tarar da shi zaune cikin baƙin ruwa har ƙirji, ledar shinkafa a kafaɗa, bai karye ba, bakin ma bai mutu ba.

"Hanyar ce ba ta da kwalta," yake cewa. "A Kudugu da kwalta muke..."

Jama'a suka buɗa wa Alhaji Baha'uddeen. Ya tako da sandarsa har bakin kwata, ya tsaya, ya yi magana a hankali yadda sai da kowa ya yi shiru kafin a ji.

"Malam Dabo, bango ana shafe shi. Hannuna zai wanku. Shadda ma a yafe. Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma amsarta ce za ta nuna ko goron nan zai kwana a gidanka ko zai koma Kano. Ka iya keke?"

Dabo ya buɗe baki, na ga ƙaryar ta taso har ta iso leɓe. Sai idonsa ya sauka bayan Alhaji. Adawiyya ce tsaye, ta biyo jama'a ba takalmi, mayafi a hannu, hawaye har haɓa. Kallonsa kawai take. Tun da nake da Dabo ban taɓa jin shirunsa ba sai ranar, kuma ba zan ɓoye ba, tausayinsa ya kama ni.

"Ban iya ba, Alhaji," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba."

"Ban iya keke ba! Ban taɓa iyawa ba. Tun ina yaro tsoronsa nake. Kudugu ma a mota na je."

Babu wanda ya yi dariya. Sai Ladidi ta matso, ta gyara ɗaurin zane, ta ce, "To Malam, sannu da sauke kaya. Dama kai kaɗai ne a Zango ba ka san mun sani ba."

Nan fa wuri ya fashe. Har Alhaji sai da gemunsa mai zinariya ya motsa. Ya miƙa wa Dabo sandarsa, muka kama muka jawo shi da keken da komai.

"Mutumin da zai zubar da girmansa a kwata don 'yarsa, ana iya haɗa zuri'a da shi," in ji Alhaji. "Je ka yi wanka. Muna neman wa ɗanmu Suhaibu auren Adawiyya. Amma a tsakar gida za mu zauna, kuma kafin ɗaurin aure a sallami mutanen bangon nan, sun yi tsere ya isa."

Aka ba su auren. Adawiyya ta shige ɗaki tana kuka da dariya a haɗe. Washegari Ladidi da kanta ta kwaɓa farar ƙasa ta shafe bangon, ta fara da mijinta. Ni na toshe ramin, Ramatu ta riƙe rodi ɗaya don tarihi.

Na ɗauka an gama, mun samu sabon maƙwabci mai tawali'u. Bayan biki da 'yan kwanaki ina zaune a teburin gorona, sai ga mobiletin Ladidi ta tsaya, Dabo ya sauko daga baya da jakarsa. Wani baƙo daga Maraɗi na sayen goro. Dabo ya dafa masa kafaɗa.

"Baƙo, ka san wa ke gabanka?"

Mutumin ya ce a'a.

"To ka zaga garin ga, daga Tiendpalogo har Kuluba. Tsoho ya iya keke, tsohuwa ta iya, yaron goye ma ya kusa. Wagadugu duka, mutum ɗaya ne tak bai iya ba, kuma babu na biyunsa." Ya bugi ƙirji. "Ni ne. Har daga Kano aka zo aka tabbatar."